Rumfar jins a Ƙofar Wambai, inda aka tambaye ni "32 ta ina?"

Wandunan jins huɗu na kyautar a cikin shekara biyu, kuma babu wanda ya yage ko ya koɗe a cikinsu. Dukkansu lamba ɗaya ce a manne a ƙugunsu: 32. Na farko ko cinyata bai wuce ba. Na biyu ya wuce, ya ɓallu lafiya lau, amma ta baya ya bar wani rami da hannuna ke shigewa har wuya. Na uku kuwa in ina tsaye sumul, da na zauna a adaidaita sahu sai ya zazzago, in yi ta ja ta cikin abaya kamar mai sosa ƙaiƙayi. Na huɗu a waya na saye shi wajen wata mai tallar kaya, na tura kuɗi aka aiko mini. Botin ɗinsa daidai kan tabon tiyatar da aka yi mini a haihuwar autana ya sauka. Rabin yini na sa shi, na dawo gida na cire, ban ƙara ba.

Ni ba 'yar gayu ba ce, malamar makaranta ce. A ƙarƙashin abaya nake sa jins, musamman da hunturu, da ranar tafiya, da duk ranar da na san zan yi ta hawa da sauka a abin hawa. Babu mai ganinsa sai daga ƙwauri zuwa ƙasa. Don haka abin da nake nema a wando shi ne in manta yana jikina.

Wata abokiyar aikina ce ta gaji da mitata ta ja ni kasuwar Ƙofar Wambai, ɓangaren 'yan gwanjo, wajen wani mutum da ba ya sayar da komai sai jins. Ba zan faɗi sunansa ba don ban nemi izininsa ba. Rumfar ƙarama ce, wanduna a rataye har sama, wasu a jibge kan tebur, shi kuma yana zaune da tef ɗin awo a wuya kamar tela. Na yi sallama, muka gaisa, na ce, "Malam, 32 nake nema."

Ya ce, "Hajiya, 32 ta ina?"

Na ɗauka wasa yake. Sai ya jawo wanduna biyu, duka an rubuta W32, ya ɓalle botin ɗinsu, ya shimfiɗa ɗaya kan ɗaya a tebur. Ƙugun na saman ya fi na ƙasan tsayi da kusan faɗin tafin hannu. Ya ce, "Wannan a saman cibiya zai tsaya, wannan kuwa a mara. Ke kin san jikin mutum ba faɗi ɗaya ne da shi a wuraren nan biyu ba. To ta yaya lamba ɗaya za ta yi miki duka biyun?"

Abin da ya nuna mini ke nan da ban taɓa kula da shi ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutun: tsawon hantsar wando. Ana sa bakin tef a inda ɗinki huɗu suka haɗu a tsakanin ƙafafu, a ja shi sama ta kan zif har bakin ƙugu. Abin da ya bayar shi ke faɗa miki inda wandon zai zauna a jikinki. Shi gida uku ya kasa su. Mai inci 7 zuwa 8 yana ce masa ɗan ƙasa. Mai kusan 9 tsaka-tsaki. Daga 10 zuwa sama mai hawa. Sannan ya juya wandon ya auna ta baya, ya ce ta bayan ma ta fi muhimmanci ga mai mazaunai, domin can ne yadi ke ƙarewa idan an zauna.

A ranar bai sayar mini da komai ba. Namiji ne, ba zai sa mini tef a jiki ba, kuma rumfar ba ta da wurin gwaji. Ya ce in koma gida in auna wuri uku: inda cikina ya fi tsukewa, sai kan mara, sai inda mazaunai suka fi faɗi. In kuma ina da wani wando da ya taɓa yi mini daidai, ko ya tsufa, in zo da shi. Na fita ina ƙunƙuni, na ce wa abokiyar tawa wannan wane irin ɗan kasuwa ne da kuɗi ke zuwa yana korarsu.

Da daddare na auna. Sama da cibiya kaɗan, inci 31. Kan mara, 36. Mazaunai, 43. Na zauna bakin gado ina kallon takardar, nan take na gane labarin kowane ɗaya daga cikin wandunan nan huɗu. Ashe a wuraren nan uku babu wanda yake 32 ma. Tsakanin ƙuguna da mazaunaina inci 12 ne, shi kuwa Malam ya ce galibin wandunan matan da ke biyo hannunsa kusan 10 ne bambancinsu. Inci biyun nan su ne ramin da ke bayana. In na sayi wanda ya yi wa ƙugu daidai, ya maƙale a cinya. In na sayi wanda ya wuce cinya, ƙugu ya yi hamma.

Abin ya ɗan rage mini haushin jikina da na tuna daga inda wandon ya fito. A 1873 Levi Strauss da Jacob Davis suka yi rajistar wandon aiki mai ƙusoshin tagulla a bakin aljihu a Amurka, don maza masu aikin ƙarfi. Sai a 1934 kamfanin Levi's ya fitar da na mata, wanda ya kira Lady Levi's. Shekara 61 ke nan ana yanka shi a kan jikin namiji. A 2010 ma kamfanin ya fito da wani tsari mai suna Curve ID, inda ya raba wandon mata gida uku bisa yadda ƙugu yake da kwankwaso, ba bisa lamba kaɗai ba. Wato su ma masu abin sun san lamba ba ta isa. Mu kuwa da muka tashi da wando mai zariya, wanda ƙubaka ɗaya ke ɗaukar siriri da mai teɓa, ba mu saba da tufar da ke buƙatar wannan lissafin ba. Zani ma ai bai taɓa tambayar kowa lambarta ba.

Da na koma da takardata, ya ɗauki kusan minti ashirin yana tono. Duk wanda ya ɗauko sai ya shimfiɗa, ya auna ƙugu daga gefe zuwa gefe ya ninka biyu, ya auna faɗin mazaunai daga ƙasan zif, ya auna hantsa gaba da baya. Ko kallon lambar da ke jiki ba ya yi. Na tambaye shi dalili, ya ce dila ɗaya takan haɗa kayan ƙasashe da yawa. Abin da Ingila ke kira 14, Amurka 10 take ce masa, wasu ƙasashen Turai kuma 42, Turkiyya ma lissafin Turai take bi. Ga masu W da L, wato ƙugu da tsawon ƙafa a inci, su ma kowane kamfani da irin incinsa. Ban da haka, kayan gwanjo an riga an sa su, an wanke, an busar a inji mai zafi. Wani ya motse, wani ya saki. Ya ce, "Lamba labarin wandon ne ranar da ya bar kamfani, Hajiya. Tef ke faɗin yadda yake yau."

Biyu na ɗauka.

Na farkon Levi's 721 ne, mai hawa, ƙafarsa fensir. Hantsarsa ta ba da inci 10 a tef. Botin yana tsayawa daidai cibiya, tabona yana can ƙasa ƙarƙashin yadi mai laushi, babu abin da ke danna shi. Yana da roba, don haka ya bi cinya ba tare da ya matse ta ba. Na yi tafiya da shi daga Kano zuwa Zariya a mota, na dawo, ban tuna da shi ba ko sau ɗaya. Da hunturu ba ni da kamarsa. Amma a watan Afrilu ba na kusantarsa, kuma wannan ba laifinsa ba ne: duk wando mai kama ƙwauri a zafin Kano, ga abaya a sama, azaba ce da mutum ya saya da kuɗinsa.

Na biyun shi ne abin ƙaunata, kuma ko sunan kamfaninsa ban sani ba, don fatar bayan ta goge. Ƙafarsa a miƙe take daga gwiwa zuwa ƙasa, hantsa inci 11, takardar ciki ta ce auduga kashi 98, roba kashi 2. Malam ya nuna mini abu biyu a jikinsa. Da ya shimfiɗa shi, ƙugun bai kwanta a miƙe kamar rula ba, ya ɗan lanƙwasa kamar baka, saman ya fi ƙasan tsukewa, bayan ya fi gaban tudu. Sai kuma ƙyallen nan da ke tsakanin ƙugu da aljihunan baya, mai tsini a tsakiya. Nasa mai zurfi ne. Ya ce waɗannan biyun ne ke sa wando ya rungumi bayan mace mai kwankwaso maimakon ya tsaya nesa da ita. Gaskiyarsa. Ina durƙusawa, ina tsugunno, ina sunkuyawa kan littattafan yara, bai taɓa sauka ba. Wannan ko bel ba na sa masa.

Na farkon dai ya bar ɗan rami a baya, kamar yatsu biyu. Ya tura ni wajen wani tela a layin bayansa mai keken da ke iya cin jins. Shawararsa ita ce a saya daidai da mazaunai da cinya, a bar wa tela ƙugu, domin rage ƙugu abu ne mai sauƙi, ƙara yadi a cinya ko a hantsa kuwa ba ya yiwuwa. Telan ya farke ƙugun ta tsakiyar baya, ya cire madaurin bel ɗin da ke wurin, ya rage, ya mayar. In ba an faɗa miki ba, ba za ki gane ba. Na faɗi wannan ne don na taɓa kai wani wajen telan unguwa, ya kama shi ta gefe da gefe, aljihunan gaba suka koma suna kallon juna.

Sati biyu bayan haka na koma da ƙanwata, ina cika baki cewa na gano sirri: mai hawa kawai za ta nema. Nan na ji kunya. Ita gajeriya ce, jikinta a miƙe, ƙugu da kwankwaso kusan ɗaya. Ta nace sai wani mai inci 12 da ta gani a rataye, irin tsayin da Levi's ke yi wa wanda suke kira Ribcage, ko da yake wannan na wani kamfani ne daban. Malam ya ce ta sa yatsunta a gefen cikinta, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, ta faɗa masa guda nawa suka shiga. Ta juya baya ta gwada ta cikin hijabi, ta ce biyu da ƙyar. Ni nawa huɗu ne har da sarari. Ya ce, "To wannan wandon a haƙarƙarinki zai kwana." Ba ta ji ba, ta saya. Washegari ta kira ni tana dariya, wai in ta zauna ƙugun naɗewa yake yi yana tokare ta, in ta ci tuwo kuwa numfashi ma sai da dabara. Ya karɓa ya canza mata da tsaka-tsaki mai inci 9, wanda a jikinta daidai cibiya ya tsaya, wurin da ni sai mai 10 ko 11 ke kaiwa. Abin da yake mai hawa a takarda, a jikin wata tsaka-tsaki ne, a jikin wata kuma ya zarce. Ita ba ta san matsalar ramin baya ba sam. Tata matsalar yadi ne ke yi mata yawa a mazaunai ya yi jaka, don haka ya zaɓar mata mai ƙananan aljihunan baya da aka ɗora su sama kaɗan.

Sai maigida. Shi fa shekara da shekaru 36 yake sawa, kuma yana alfahari da hakan, alhali tumbi ya daɗe da wuce 40. Dabarar ita ce wandon a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure shi. Gaba ya sauka, baya ya bi shi. In ya sa doguwar riga babu mai sani. Amma ranar da ya sa ƙaramar riga ya ja mu salla a gida, da ya yi ruku'u sai da na kawar da kai. Ba abin dariya ba ne, tunda al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa, kuma duk mai zuwa masallaci ya sha ganin samari a sahun gaba suna sujada da hannu ɗaya a baya suna jan riga. Na lallaɓa shi muka je. Shi Malam ya sa masa tef da kansa, ya ce, "Alhaji, 36 ta yi ritaya." Ya fito masa da Levi's biyu, 501 da 505, duka masu zama a ƙugu sosai. Na farkon botina ne a gaba tun asalinsa, na biyun kuma, wanda aka fara yi a 1967, zif ne. Maigida ya ce shi da ke kama ruwa sau biyar a rana ba shi da lokacin ɓalle botina, ya ɗauki mai zif. Lambar da ta fi tasa ya saya, ya yi kwana biyu yana ƙorafin an tsufar da shi. Yanzu shi yake sawa duk Asabar, kuma rigar ta daina aikin da ba nata ba.

Na tambayi Malam game da dabarar nan ta zagaya ƙugun wando a wuya, wadda kowa ke yi a kasuwa. Ya ce ga siririn saurayi takan yi aiki. Ga irina kuwa, wuya bai san labarin cinya ba.

Wani abu da na yaba masa shi ne yadda yake duba wando kafin ya miƙa. Yakan ɗaga shi ga haske ya leƙa tsakanin cinyoyi, inda gogayya ke cinye yadi, wurin da mu masu cinya kullum daga nan wandonmu ke mutuwa. Mai roba kuma yakan ja shi ya saki. In bai koma ba, ko ya ga yadin ya yi kumbure-kumbure da wasu fararen zarurruka sun leƙo, sai ya ce robar ta mutu, ya jefa shi gefe cikin na araha. Irin wannan da safe zai kama ki, kafin azahar ya zama buhu, kuma babu awon da zai cece shi. Ya gargaɗe ni kada in dafa mai roba da ruwan zafi ko in ɗora masa dutsen guga mai zafi sosai, in kuma juya cikinsa waje in shanya a inuwa.

Ba wai rumfar ba ta da abin cewa ba. Rashin wurin gwaji babbar matsala ce ga mace. Duk iya awonsa, sai kin je gida za ki tabbatar. Ba ya mayar da kuɗi, canji kawai, kuma in babu irin naki a ƙasa sai ki jira wata dilar. Manyan lambobin mata masu hawa ba sa kwana. In ba ki zo da safen ranar da ya fasa dila ba, sai ki tarar da 'yan ƙananan ƙugu da ɗan ƙasa kaɗai, waɗanda aka yi yayi a farkon shekarun 2000 suna ta yawo a duniya babu mai so. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa, kuma ba ya son dogon ciniki, ko da yake wanduna biyun nan tare da kuɗin tela ba su kai abin da na zubar a kan na waya guda ɗaya ba. Cikin rumfar da duhu-duhu, ki fito da wando bakin hanya ki ga launinsa da idonki. Sau ɗaya kuma ya yi sake: na maigida an rubuta L32, ya auna komai ya manta tsawon ƙafa, ashe mai shi na farko ya yanke. Da aka sa sai ga shi ɗangalalle a saman idon sawu. Ya ba da haƙuri ya canza, amma kuɗin mota na biyu daga aljihunmu ya fita.

Akwai kuma zuba. Wani baƙi-baƙin shuɗi da ƙanwata ta ƙara daga baya, kusan sabo ne, ya rina mata farin siket ɗin ciki. Wannan kam bai kamata ya ba 'yar Kano mamaki ba. Launin jins shuni ne, dangin wanda ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata, ko da yake na kamfani yanzu haɗin sinadari ne. A bayan zare yake zama, ba ya ratsa cikinsa, shi ya sa yake koɗewa da kyau a gwiwa, shi ya sa kuma yake shafar abin da ya goga. Da ya faɗa mata ta wanke shi shi kaɗai kafin ta sa, da siket ɗin ya tsira.

Yanzu abin da nake nema mai faɗin ƙafa ne, marar nauyi, wanda iska za ta shiga kafin bazara ta kama, hantsa 11, mazaunai 43. Dila biyu aka fasa bai fito ba. A ta biyun an sami wani da ya yi daidai ko'ina amma hantsarsa gajeriya ce, na ce zan ɗauka haka, ya hana ni, ya ce kan tabon zai sauka. Ya rubuta awona da biro a jikin wani guntun kwali ya soke a ƙusa kusa da na wasu, a samansa ya sa "Malama". Ya ce in leƙo ranar Talata da wuri, kafin masu sari su rigaye ni.